Fiya-fiya a buhun wake: yadda wani ɗan kasuwa a Gusau ya nemi injin gano guba

Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa ɗan kasuwar hatsi ne a Gusau, wanda za a riƙa kira Alhaji kawai. Sana'arsa irin ta yawancin manyan masu wake ce a Zamfara: a saya da kaka kasuwa na cike, a jibge a sito, a jira bazara farashi ya tashi, sannan a loda wa Kudu. Yana saye ne a hannun 'yan kwarami da ke zagaya kasuwannin Tsafe, Ƙaura Namoda da Talata Mafara, don haka ba kasafai yake sanin gonar da buhu ya fito ba, balle abin da aka zuba masa kafin ya iso.

Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo kaya. Macen tana manna ƙwai a jikin ƙwaya, tsutsa ta huda ta shige, ta ci daga ciki, cikin mako 3 zuwa 4 idan ana zafi ta fito ƙwaro ta bar rami. Mace ɗaya kan yi ƙwai har su kusa 100. Buhun da aka bari haka nan tun Nuwamba, kafin ruwa ya sauka ya gama hujewa, sai gari da wari.

Abu biyu 'yan kasuwa suka saba kare kayansu da su. Akwai ƙwayar da ake kira bom, wadda in ta sha danshi take fitar da iskar fosfin. An yi ta ne don turara hatsi a rufaffen wuri, a hannun wanda ya san aikin. Akwai kuma fiya-fiya, wato DDVP, da ake sayarwa da sunaye daban-daban, Sniper ne ya fi shahara a cikinsu. Shi ruwa ne mai saurin bin iska, yana kashe ƙwaro ta hanyar tsayar da wani sinadarin jijiya da ake kira kolinestares. Jikin mutum ma da wannan sinadarin yake aiki, shi ya sa wanda ya sha ko ya shaƙa da yawa ake ganin yawu na dalala, ga gumi da amai, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya yi wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukunin magungunan ƙwari masu haɗari sosai.

A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya, bayan an kama kaya fiye da sau 50 tun daga Janairun 2013, kusan duka saboda DDVP. Iyakar da Turai ta yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo, amma an riƙa samun daga 0.03 har zuwa 4.6. A 2016 aka ƙara wa'adin da shekara 3. A 2019 kuma NAFDAC ta hana shigo da ƙananan kwalabe masu mililita 100 ko sarrafa su, ta kuma hana sayar da maganin a kasuwannin fili da manyan kantuna. Lamarin Alhaji ya faru ne bayan duk wannan, cikin kaka biyu a jere.

Yana da kyau a riƙe lambar nan ta 0.01, domin duk abin da ya biyo baya a kanta ya rataya. A buhu mai kilo 100, miligiram ɗaya ke nan. Kashi ɗaya cikin miliyan ɗari.

Kaka ta farko: Nuwamba zuwa Fabrairu

Alhaji ya ƙulla ciniki da wani kamfani a Legas da ke niƙa garin ƙosai da alale yana zubawa a leda don manyan kantuna. Buhu 300, a miƙa a watan Maris, a kan farashin da ya ɗara na kasuwa. A cikin takardar akwai sharaɗin cewa ragowar maganin ƙwari kada ta wuce iyakar Turai, saboda kamfanin na da niyyar kai garinsa waje. Alhaji ya duba farashi da ranar biya, ya sa hannu.

An tara waken a buhunan saƙa na roba da aka saba. Yaran sito suka yi abin da suke yi duk shekara: suka surka fiya-fiya da ruwa, suka fesa wa ƙasa da bango, suka kuma bi kowane layin buhu kafin a ɗora wani a kai. A Janairu da aka ga ƙwari sun fara yawo a bakin ƙofa, aka sake fesawa. Daga baya ta bayyana cewa wasu 'yan kwaramin sun riga sun yayyafa wa nasu tun kafin su kawo.

Maris: sakamakon farko

Wakilin kamfanin ya zo Gusau da ƙarfen nan da ake soka buhu a ɗebo samfuri. Ya ɗiba daga buhu 30, ya gauraya, ya ƙulle a leda ya tafi da shi. Bayan kusan mako 2 takarda ta dawo: akwai DDVP, kuma ya ninka iyakar sau da yawa. Kamfanin ya dakatar da cinikin, amma ya ce ƙofa a buɗe take idan aka sake gwaji ya fito da kyau.

Afrilu zuwa Mayu: shanya da hanci

Shawarar da kowa ya bayar a kasuwa ita ce a shanya. Tana da tushe, domin DDVP ba ya daɗewa kamar tsofaffin magunguna irin su DDT. Yana tashi da zafi, danshi kuma yana ruguza shi. Aka zazzage buhunan kashi-kashi a kan tamfol cikin ranar Afrilu, ana juyawa. Bayan kwanaki warin ya ɓace. Alhaji da kansa ya shinshina, wasu dattawan kasuwa biyu suka shinshina, kowa ya ce ya fita.

Sai ya aika sabon samfuri da kuɗinsa zuwa wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a Legas. Irin waɗannan wurare da na'urar GC-MS suke aiki. Ana niƙa waken, a girgiza garin da wani ruwan sinadari ya tsamo maganin, a tace mai da sukari da sauran dattin da ya biyo, bisa wata hanya da ake kira QuEChERS da aka fito da ita a 2003. Daga nan na'urar ta rarrabe sinadaran ɗaya bayan ɗaya, ta farfasa kowanne ta auna nauyin gutsattsarinsa. Tana faɗin sunan magani da yawansa, kuma tana gani har ƙasa da 0.01. Kuɗinta ne da yawa, ga nisa, ga jira.

Sakamakon ya nuna maganin ya ragu ƙwarai, amma har yanzu yana sama da iyaka. Kafin takardar ta iso ma wata matsalar ta kunno kai: tun da guba ta yi sauƙi, ƙwarin da ke cikin ƙwaya suka ci gaba da fitowa. A ƙarshen Mayu Alhaji ya saki kayan a farashin kasuwa, wani a Gusau, wani a motocin Kudu, da ragin da ake yi wa waken da ya fara huji.

Yuni: tambayar injin Bagega

Alhaji na da ɗan ƙanwarsa da ke karatun digiri na uku a fannin kimiyyar haske a wata jami'a a ƙasar Sin. Ya kira shi ta WhatsApp.

"Wai kai ɗana, injin nan da Turawa sunka zo da shi Bagega, wanda ake ɗorawa ga ƙasa shi faɗi dalma nan take, babu irinai na fiya-fiya?"

Ba Alhaji kaɗai ke da wannan tunani a Zamfara ba, kuma da dalili. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, 'Yargalma da Abare, inda ake niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. Ma'aikatan da suka zo tare da ƙungiyar likitoci ta MSF sun riƙa bin gida-gida da na'urar hannu ta XRF, a danna ta a ƙasa, kafin minti ɗaya ko biyu lamba ta fito. An sake ganin ta a Bagega lokacin kwashe ƙasa a 2013. Duk wanda ya ga wannan, zai ɗauka kowace guba tana da irin nata injin.

"Kawu, Allah shi ƙara maka lafiya, wancan daban, wanga daban," in ji ɗalibin, sannan ya yi masa bayani. XRF tana gane tushen sinadari ne, kamar dalma ko zinare ko ƙarfe. DDVP kuwa haɗi ne na kabon, haidurojin, oksijin, kulorin da fosfaras, kuma duka waɗannan wake yana da su. Fosfaras kaɗai akwai kusan giram 4 a kilon wake mai tsabta. Ga kuma bambancin yawa. Iyakar dalma a ƙasar gida da aka yi aiki da ita a lokacin miligiram 400 ce a kilo, an kuma samu wuraren da suka haura 100,000. Iyakar da ake nema a wake ta fi waccan ƙanƙanta sau 40,000.

Sai dai ɗalibin ya ƙara da cewa a ɗakin bincikensu akwai na'urar terahaz, kuma ana ta rubuce-rubuce kan amfani da ita wajen gano maganin ƙwari a abinci. Ya nemi izinin malaminsa ya gwada a gefen aikinsa. Alhaji ya ce in ta yi, ko haɗa kuɗi ne 'yan ƙungiyarsu za su yi su saya.

Yuli: gwajin terahaz a kan garin wake

Terahaz wani yanki ne na hasken da ido ba ya gani, tsakanin maikurowef da infurared. Terahaz ɗaya na nufin igiyar da ke kaɗawa sau tiriliyan ɗaya a daƙiƙa, kuma yankin ya kama daga 0.1 zuwa 10, wato tsawon igiya daga milimita 3 zuwa 0.03. Yana ratsa takarda, leda, tufafi da busasshen gari. Ƙarfe na mayar da shi, ruwa na shanye shi. Ba shi da lahanin hasken ɗaukar hoton ƙashi. Hanyar awon da aka fi amfani da ita ta samo asali ne a shekarun 1980, daga aikin David Auston a Bell Labs da Daniel Grischkowsky a IBM, a Amurka: leza ta harba ɗan gajeren walƙiya, a mayar da shi terahaz, a ratsa samfuri da shi, a auna wanne ɓangare aka shanye.

Abin da ya ja hankalin masu binciken abinci shi ne, sinadarin da yake a daskare, ƙwayoyinsa na jere bisa tsari, yana shanye terahaz a wasu wurare nasa na kansa. Wannan ya zama tambarinsa. Sukarin madara, alal misali, yana da tambari a terahaz 0.53, har ɗalibai da shi suke gwada ko na'ura na aiki daidai. Magungunan ƙwari da yawa gari ne, kuma suna da irin wannan tambari.

Ba a aika waken Gusau ba, domin tsallaka da iri kan iyaka sai da takardun hukuma. Ɗalibin ya sayi wake mai baƙin ido a kasuwar garin da yake, ya niƙa, ya busar, ya riƙa gauraya shi da magani gwargwadon da ya auna da kansa. Kowane haɗi ya ƙara masa garin roba da terahaz ke ratsawa, ya matse shi ya zama ɗan faifai mai faɗin milimita 13. Akwatin na'urar kuma sai an cika shi da busasshen naitirojin, saboda tururin ruwan da ke cikin iska shi ma yana da nasa tambari, a 0.56 da 0.75 da wasu wurare sama da haka, yana ɓata awo.

Ya fara da wani maganin ƙwari, imidakulofirid, wanda gari ne mai tambari kusa da 0.9. Da maganin ya kai 'yan kaso cikin ɗari na haɗin, tambarin ya fito sarai. Da aka riƙa ragewa sai ya dusashe, ya nutse cikin shanyewar da sitaci da furotin na waken ke yi. Hakan ya dace da abin da aka sani game da wannan hanya: a cikin garin abinci ganinta na tsayawa ne a wajen kaso ɗaya cikin ɗari. Kaso ɗaya cikin ɗari miligiram 10,000 ne a kilo, wato ya ninka iyakar kamfanin sau miliyan ɗaya.

Da aka zo kan DDVP kuwa, ko da yawa aka zuba babu tambari. Shi ruwa ne a zafin ɗaki, ƙwayoyinsa ba a jere suke ba, don haka babu wani wuri ɗaya da yake shanyewa fiye da saura.

Agusta zuwa Satumba: faifan metamatiriyal

A nan ne aka fi sa rai, kuma a nan aka fi daɗewa.

Metamatiriyal abu ne da ake ƙerawa da ƙananan siffofi a jere, yadda halinsa da haske zai fito daga siffar, ba daga ƙarfen da aka yi shi da shi ba. Masanin Rasha Victor Veselago ya yi hasashen irinsa a ƙarshen shekarun 1960, John Pendry a Landan ya fito da zanen zobe mai tsaga a 1999, sannan a 2000 wasu masana a San Diego suka haɗa shi a zahiri. Wanda ake amfani da shi a terahaz ɗan faifai ne mai faɗin kusan santimita ɗaya, an shimfiɗa masa dubban zobban zinare ko alminiyam, kowanne faɗinsa 'yan gomiya na maikuromita (kashi ɗaya cikin dubu na milimita), kowanne da tsaga.

Idan terahaz ya faɗo a kan faifan, zobban na amsawa da ƙarfi a wani mizani guda na kaɗawar igiya, kuma ƙarfin na taruwa a cikin tsagar. Duk abin da ya zauna a tsagar nan, komai ƙanƙantarsa, sai ya saukar da mizanin. Makaɗa sun san irin wannan: ɗan ɗankon da aka manna a tsakiyar fatar ganga yana sauke muryarta, kuma gwargwadon yawansa gwargwadon saukar. Amma kunne ba zai faɗa maka ko ɗanko aka manna ko laka ba.

Ta wannan hanya ba a buƙatar tambari, kuma gani na ƙaruwa nesa ba kusa ba. Wasu masana a Jami'ar Zhejiang sun wallafa a 2017 cewa sun gano maganin ƙwarin kulofirifos-metil har zuwa miligiram 0.204 a lita da irin wannan faifai. Wannan lambar ce ɗalibin ya tura wa kawunsa tun farko, kuma ita ta sa ƙungiyar ta fara maganar karo-karo.

Yadda ake yi shi ne a ɗiga ɗigon ruwan samfuri a kan faifan, a bari ya bushe, a auna. Ɗalibin ya fara da maganin gari da aka narkar a tsabtataccen ruwan sinadari. Ya yi kyau: ana ƙara magani mizani na ƙara sauka, bi da bi.

Sai ya tsamo ruwan wake mai tsabta, wanda ba a sa wa komai ba, ya ɗiga. Mizanin ya sauka fiye da yadda maganin ya saukar da shi. Mai da sukari da furotin da suka biyo ruwan sun bushe a kan zobban, su ma sun cika tsagar. Ko a ɗigo biyu na samfuri ɗaya lamba na bambanta, saboda ɗigo in zai bushe yakan tara dattinsa a gefe, ba daidai yake shimfiɗuwa ba. Bambancin da ke tsakanin wake mai magani da marar magani ya ɓace a cikin wannan.

DDVP ya zo da tasa matsalar ta daban. Kafin ɗigon ya gama bushewa, musamman a cikin busasshen naitirojin, shi ma ya bi iska. Halin da ya sa shanya ta rage shi a Gusau, shi ya hana shi zama a kan faifan. In kuma aka auna da danshi, ruwan ya shanye hasken.

Masu bincike na da hanyoyin da suke bi don kauce wa wannan. Ana shafa wa zobban wani sinadari mai kama magani iri ɗaya tak ya saki saura, ana yin siraran hanyoyin ruwa a kan faifan don a auna ba tare da busarwa ba. Amma kowane shafi na magani guda ne, kuma duk da haka sai an fara tace samfurin. Na'urar kanta ta dubun dubatar daloli ce, tana son wutar da ba ta yankewa da ɗaki mai sanyi marar ƙura, faifan kuma a ɗaki na musamman ake ƙera shi.

Da ɗalibin ya gama bayani, Alhaji ya ce, "To in sai an kai ɗakin gwaji an tace kafin injin naka shi gani, mi ar raba shi da na Ikko?"

"A yanzu dai, Kawu, na Ikko ya fi shi, don shi har suna yake faɗi."

Aka ajiye maganar karo-karo. Abin da ɗalibin ya aiko da shi ta hannun wani mai dawowa gida kwali ne na katunan gwaji da ake amfani da su a kasuwannin kayan lambu na ƙasar Sin.

Kaka ta biyu: Oktoba zuwa Fabrairu

Kamfanin ya yarda a sake gwadawa. Wannan karon Alhaji ya shiga kasuwa da wuri, sabon wake na fitowa, lokacin da manomi bai kai ga sa magani ba. Ya saya a hannun wasu ƙungiyoyin manoma na kusa da Gusau, da 'yan kwaramin da suka yarda da sharaɗin ba magani a kan ɗan ƙarin kuɗi. Rashin tsaro a hanyoyin ƙauyuka ya hana a kai wurare da dama, don haka aka tsaya a buhu 200.

Katin gwajin na aiki ne da kolinestares ɗin nan da fiya-fiya ke tsayarwa. Ana jiƙa ɗan wake a ruwan da ya zo da katin, a ɗiga a kan farin gefe, a jira minti 10, a naɗe katin a matse da yatsa minti 3. In farin ya koma shuɗi, sinadarin na aiki, ba a ga guba ba. In ya tsaya fari, akwai abin da ya tsayar da shi. A ƙa'idar ƙasar Sin katin na ganin DDVP daga miligiram 0.3 a kilo. Bai san bom ba, bai san magungunan feshin gona na dangin saifametirin ba. An sa wani yaro mai takardar sakandare a bakin sito yana gwada kowane kaya kafin a sauke. Kaya kaɗan suka faɗi, kuma da aka bincika akasari tsohon wake ne na bara aka gauraya da sabo. Fakiti ɗaya da aka bari a shago cikin zafi ya lalace, ko ruwa zalla aka ɗiga ba ya shuɗi. Daga nan aka koma ajiye katunan a firij, kuma kowace safiya sai an fara gwada ɗaya da ruwa zalla.

Babban sauyin shi ne buhu. An koma buhun PICS, wanda masana Jami'ar Purdue ta Amurka suka fara gwada dabararsa a arewacin Kamaru a ƙarshen shekarun 1980, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007, kuma ana yin sa a Kano. Leda biyu ne masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure shi daban. Ƙwarin da ke ciki su ke shanye iskar da ta rage, daga nan su daina ci da haihuwa, su bushe su mutu. Dabarar jarka da duro ce da mata suka daɗe suna yi, aka mayar da ita buhu. Sharaɗinta wake ya bushe sosai, danshi kada ya wuce kaso 12 zuwa 13 cikin ɗari, in ba haka ba ya yi fumfuna.

An wanke siton aka bar shi a buɗe kafin a zuba kaya, aka hana fesa komai a ciki. An jera buhunan a kan katako nesa da bango, aka kafa tarkon ɓera. Duk da haka ɓeraye sun huda wasu, wasu kuma ɗaurin bai yi ba. Duban da ake yi duk mako ya kama su aka sake musu leda.

Maris na biyu: sakamako

An raba kayan kashi 4, buhu 50 kowanne, bisa inda aka sayo, kowane kashi da samfurinsa zuwa Legas. Kashi 3 suka fito ƙasa da iyaka, kuma da aka buɗe ledojin waken na nan yadda aka zuba shi. Kashi na huɗu ya nuna DDVP kaɗan, sama da 0.01 amma ƙasa da abin da kati ke gani. Tun da an san wanda ya kawo, aka bi sawu: a tsofaffin buhunan da suka taɓa ɗaukar wake mai magani ya yi dakon kayan. Kamfanin ya karɓi buhu 150 ya biya. Sauran 50 aka sayar a kasuwa.

Hukunci

Terahaz bai yi wa Alhaji aiki ba, kuma ba don na'urar ta lalace ko ɗalibin bai iya ba. Awon kai tsaye ya gaza da nisan sau miliyan. Faifan metamatiriyal ya rufe mafi yawan wannan nisa, amma ya rasa sanin abin da yake aunawa, kuma ruwan wake ba tsabtataccen ruwan ɗakin bincike ba ne. Sannan an yi rashin sa'ar magani: cikin duk abin da ake zuba wa wake, fiya-fiya ne ya fi rashin dacewa da wannan fasaha, ruwa ne marar tambari kuma ba ya zama. Lamba irin 0.204 gaskiya ce a wurinta, amma wanda za a tallata wa irin wannan na'ura ya kamata ya tambaya a cikin me aka auna, wane magani ne, kuma wa zai tace samfurin.

Ba adalci ba ne a ce fasahar ba ta da amfani. Inda magani ke da yawa, kamar tantance garin maganin feshi na jabu daga na gaske, awon kai tsaye na iya aiki, har ta bayan leda. Tana kuma da kyau wajen auna danshin hatsi, tun da ruwa ne ta fi gani. Idan shafin da ke kama magani iri ɗaya ya inganta kuma na'urar ta yi araha, wurinta na farko ɗakin gwajin jami'a ne ko na hukuma, kusa da GC-MS, don rage yawan samfurin da ke jiran layi. Bakin sito da saura.

Abin da ya ceci cinikin shi ne an daina sa maganin, kuma buhun PICS ne ya sa hakan ya yiwu ba tare da ƙwari sun cinye jarin ba. Kati mai gadin ƙofa ne kawai, ganinsa ya gaza iyakar Turai sau 30, kashi na huɗu ya tabbatar da haka. Raba kaya bisa inda aka sayo, wanda bai ci ko kwabo ba, shi ya sa buhu 50 aka rasa maimakon 200.

Akwai ɓangaren da ba a warware ba. Buhu 300 na farko da 50 na biyu duk an dafa su an ci a Najeriya, kuma ba wanda ya sake auna su. Shanya da wanki da dahuwa suna rage DDVP, amma ragi ba awo ba ne. Kayan da kati ya kayar a bakin siton Alhaji su ne suka fi kowanne guba, kuma 'yan kwarami sun mayar da su kan mota ne suka kai wani siton da ba ya tambaya.